Takardar Jatau Mai Tsire

A Kwanar Ɗinya akwai wani mai tsire, Jatau, bawan Allah wanda in ka ce masa tsaya nan, to sai dai ka dawo gobe ka sallame shi. Gidansa mutum uku ne: shi, da matarsa Tasalla, da uwarsa Inna Kande. Shekara shida da aure ba haihuwa, Inna kuwa ta rantse in Babbar Salla ta zo shiru, Tasalla za ta koma gidan ubanta. Jatau yana son matar nan kamar ransa. Ya ce ko birni ne sai ya je.

Wata rana a asibitin birni likita ya auna su duka biyu, ya ce, "Matarka lafiya lau. Irinka ne ba ƙarfi, zafi yana kashe shi. Ka yi nesa da wuta." Da gari ya waye, Jatau ya samo gora mai kamu goma, ya koma can gindin kuka yana juya tsire da ita. Nama ya ƙone ƙurmus. Masu saye suka ce, "Jatau, lafiya?" Ya ce, "Ita nake nema."

Wata rana kuma likita ya ce ya bar matsattsen wando. Jatau ya nufi wurin tela. Tela ya tambaye shi, "Faɗi nawa?" Ya ce, "Likita bai sa iyaka ba." Yadi goma sha biyu aka zuba. Ranar kasuwa iska ta cika wandon nan, wallahi sai da mutum biyu suka riƙe shi, shi kuwa ko gezau.

Wata rana likita ya yi masa bayani cewa iri yakan rayu har kwana biyar a jikin mace. Ai sai Jatau ya ce baƙi gare su a gida. Ya hana Tasalla daka, ya hana ta tari mai ƙarfi, ya ɗauki taɓarya da kansa yana kirɓa gero. Mata suna leƙe ta katanga suna shewa. Ya ce, "Ku yi a hankali, yau kwanansu uku!"

Salla ta matso, Inna ta fito da akwatin Tasalla tsakar gida. Jatau ya ruga asibiti yana hawaye. Likita ya ba shi takardar gwaji ya ce, "Duk wanda ya ce laifin matarka ne, ka nuna masa." Inna kaɗai yake nufi. To amma wa ya rage a garin da bai ce laifin Tasalla ne ba? Jatau ya bi gida gida, ya je majalisar mahauta, ya tare mutane a bakin masallaci: "Ba Tasalla ba ce, ni ne. Ga shi a rubuce." Maza suka rasa inda za su sa fuska, wasu suka yi dariya har da riƙe ciki.

Inna ta ji kunya ƙwarai, ta mayar da akwatin ɗaki da hannunta. Kafin mako ya zagayo, maza uku da suka fi kowa dariya sun zo sayen tsire, kowa ya rage murya yana tambayar sunan likitan. Ɗayansu mata biyu ya saka a kan rashin haihuwa.

Ranar Salla Tasalla ta fita kanta a sama, karo na farko cikin shekara shida. Jatau yana biye da ita cikin wandonsa.