Injiniya Sirajuddeen Ya Shayar da Babur

Idan ana lissafa manyan mutanen da Allah Ya yi wa Gumel baiwa da su, to a fara da ɗan kawuna, abokin wasana, Injiniya Sirajuddeen. Kada bakinka ya kuskure ka ce Sirajo. Sirajo shi ne wanda muka yi kiwon awaki tare, wanda bunsuru ya taɓa kora har cikin masallaci. Wannan kuwa wani ne daban. Wannan ya raka motar wake zuwa Damagaram, motar ta lalace, ya yi 'yan kwanaki yana shan shayi a gindin bishiya kusa da garejin masu babura, ya dawo mana da baƙin tabarau da ilimin da ko jami'a ba ta da ɗakin ajiye shi.

Tun daga kan iyaka ya daina cewa "to", sai "dakor". Injin markaɗen unguwa ma bai tsira ba. In ya zo wucewa sai ya tsaya, ya karkata kunne, ya girgiza kai cikin tausayi, ya wuce. Mu 'yan gida muna kiransa Farfesan Ƙusa. Ya ji, ya ce ba laifi, amma an rage masa.

Abu ɗaya ya rage wa wannan teku na sani: wurin zama. Kawu Ɗalha, ƙanin mahaifinsa, yana da shago a bakin tasha, telan da ke ciki ya tattara ya koma Gagarawa. Injiniya ya sa ido a kan shagon nan kamar mage da kifi. Ya riga ya gaya wa duk mai kunne cewa nan zai buɗe cibiyar duba babura ta ƙasa da ƙasa, wadda za ta riƙa karɓar marasa lafiya daga Sule Tankarkar har cikin Nijar.

Shi kuma Kawu yana da wani babur roba-roba da ya saya saboda ciwon gwiwa. Babu giya, babu sarƙa, murɗa ka tafi. Kwanan nan ya fara 'yar karkarwa in zai tashi, kamar tsoho ya miƙe daga tabarma. Kawu ba mai dogon zance ba ne.

"Sirajo, ga babur. Ka gyara, ka kai ni kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka dawo da ni. In ka yi, makullin shago naka ne."

"Dakor, Baffa. Amma Sirajuddeen."

Ranar Laraba da la'asar aka yi aikin, kuma ba a ɓoye ba. Manyan likitoci ba sa fiɗa sai da 'yan kallo. Ya sa aka fito da benci ƙofar gida, ya aro farar riga daga wurin mai kemis, ya jera sifanu a kan darduma daga babba zuwa ƙarami. Da ya kwance murfin gefe, sai ga kayan cikin: faranti a gaba, faranti a baya, baƙin bel na roba ya zagaye su, komai bushe ƙamas, sai ɗan baƙin gari.

Injiniya ya ja da baya. Ya cire tabarau. Ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Baffa, kai da kake sahun gaba kullum, kai ne ka bar baiwar Allah da ƙishirwa haka? Jama'a, ku matso. Wannan da kuke gani, a ƙasashen da suka ci gaba ana kiransa bariyato. Kada ku wahalar da harshenku, ba za ku iya ba. Shi ne zuciya, shi ne hanta, shi ne ƙashin baya. Yanzu ina tambaya: sarƙar babur in ta bushe, me ake ba ta?"

"Mai!" in ji 'yan benci.

"Ƙafar amalanke in tana kuka?"

"Mai!"

"Keken ɗinki? Ƙyauren ɗaki? Faso a ƙafar tsohuwa?"

"Mai! Mai!"

"To me wannan marayan ya yi muku?"

Wallahi har ni na gyaɗa kai. Mu mutanen da muka tashi a kan babur mai sarƙa ne, a wurinmu duk ƙarfen da ya bushe, mai ƙarfen ne marowaci. Kawu ya sunkuyar da kai don kunya.

Daga nan sai rahama ta sauka. Ya ɗebo giris da yatsu huɗu ya lafta wa farantin gaba. Ya lafta wa na baya don kada a yi rashin adalci. 'Yan ƙwallayen da ke ciki kuwa ya yi musu wanka ɗaya bayan ɗaya. Giris ya ƙare, ya bi da tsohon baƙin mai. Sannan ya miƙe ya yi mana bayanin da ba a taɓa yin irinsa a arewacin Jigawa ba: wai shi giris Turawa sun yi shi ne don ƙasar sanyi, injin da zai sha ranarmu sai an haɗa masa da abin da ƙasar ta haifa. Ana cikin haka Allah Ya kawo wata Bafulatana mai tallar nono. Aka sauke ta, aka kwashe man shanunta kaf. Ya murza wa bel ɗin nan ciki da waje, a hankali, da bismilla, yadda ake shafa wa jariri bayan wanka. Ita kanta mai man ta tsaya tana kallo, ta riƙe baki.

Ashe shi bel ba sarƙa ba ne. Ba shi da haƙori ko ɗaya. Duk rayuwarsa kamu ce: faranti ya matse shi, shi kuma ya ja taya. Wannan darasi mun koye shi ne washegari, a kan kwalta, tare da duk wanda ke da niyyar cin kasuwar Maigatari.

Da safe Kawu ya sha babbar riga, ya hau baya. Injiniya ya gyara tabarau, ya ɗaga wa jama'a hannu kamar mai tafiya Makka. Ya murɗa. Injin ya yi wata ƙara da ta tashi tattabarun unguwa baki ɗaya. Babur kuwa ya yi tunani, ya sake tunani, sannan ya matsa kamar taku ɗaya.

"Yana tsotsar man ne," in ji Injiniya. "Ku ji murya! Da haka yake?"

Gaskiya ne, murya ta yi kyau. Da murya ake zuwa Maigatari, da tuni sun wuce ta sun shiga Nijar.

Ni na bi su a keke saboda zumunci, kuma ban taɓa cin birki irin na ranar ba. Motocin shanu suka wuce mu, wannan ba abin kunya ba ne. Masu raƙuma suka wuce. Masu jakai suka wuce. Wani dattijo da ke jan rago a ƙafa ya cim mana, ya gaida Kawu, ya tambayi iyali, ya wuce. Can gaba ya tsaya ya ba ragon ruwa, ya huta, muka iske shi, ya sake wuce mu, ya sake gaisuwa.

"Sirajo," in ji Kawu, "tafiya muke ko tsayuwa?"

"Baffa, injin zamani ba ya son gaggawa. A Damagaram..."

Bai ƙarasa ba sai ƙamshi ya tashi. Abin ya ɗau zafi, man shanu ya fara soyuwa. Duk titin ya game da ƙamshin gidan suna. Karnukan wani ƙauye suka fito suka jera a bayanmu cikin ladabi. Wata mata ta leƙo ta kan danga tana tambayar wa ya haihu. Baƙin romo kuwa yana tsartuwa ta gefen murfi, yana yi wa farar rigar Kawu aikin da ba mai ɗinkin da zai iya.

A ɗan hawan da ko kaza ba ta san hawa ba ne, babur ya yanke shawara. Injin yana ihu, taya tana hutawa. Sannan suka fara komawa Gumel da baya.

Kawu ya sa ƙafa ya tsayar da su, da gwiwar nan tasa mai ciwo. Ya sauka. Ya dubi rigarsa, ya dubi karnuka, ya dubi ɗan wansa. Ya tsayar da amalanken wani bawan Allah mai suna Sajo, aka matsa masa wuri tsakanin buhun gero da akuya mai ciki, ya hau. Shanun suka ja, suka ɓace mana kamar jirgi.

Injiniya ya turo babur har gida, rana a tsaka, yana yi mini bayani cewa aikin ya yi nasara, kwaltar ce ba a yi ta bisa ƙa'ida ba.

Kuma kada ku ce ya ji kunya. Ranar Juma'a bayan an sauko ya sa tabarau ya je karɓar makulli, wai ai sharaɗin a kai Baffa Maigatari ne, kuma Baffa ya je.

Kawu yana zaune yana kallon wanki, an kasa fitar da rigar.

"Na ba Rahamatu mai ƙosai," ya ce. "Ita in ta zuba mai, ana ganin abin da ya fito."

Yanzu in ka bi ta bakin tasha da safe za ka gan shi a kan bencin Rahamatu, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya karkata kunne wajen kasko, yana girgiza kai. Yana gaya mata man ya yi kaɗan.