Jan Layin Barira

A wani gari da kai ma ka sha ratsawa, ka toshe hanci ka ɗaga gilashin mota, mai suna Sai-Ta-Faru, aka tura wata ɗaliba, Barira, sanin makamar aiki a Hukumar Allah Ya Kiyaye. Aikinta shi ne ta auna haɗarin tankokin man da ke keta kasuwa.

Wata uku tana ƙirga a Kwanar Lafiya Lau, inda innarta ke tuyar ƙosai. Tanka arba'in da uku kullum, takwas na yoyo, kaskon Inna kuwa taku shida ne daga taya. Ta zana taswira, ta zagaye kwanar da jan layi, iyakar inda wuta za ta ci, ta kai wa shugaban hukumar, Sarkin Jaje.

"'Yata, mutum nawa suka mutu a nan?"

"Ba ko ɗaya tukuna, ranka ya daɗe."

"To mu da gawa muke auna haɗari. So kike mu riga malam masallaci?"

"A mayar da tankokin ta bayan gari kawai."

Ya dafe ƙirji. "Can fa gidajenmu suke!"

Majalisar gari ta zauna. Aka goge kalmar "haɗari" daga jikin tankoki, don tana tayar da hankalin jama'a. Aka naɗa Magajin Yoyo, mai bin tanka da tsumma.

Barira ta roƙi innarta ta tashi daga wurin.

"In koma ina, 'yar boko? Direbobin nan su ne masu sayen ƙosan. Miƙo min itace."

Bayan mako guda Sarkin Jaje ya kira ta yana murmushi. Majalisa ta karɓi bincikenta baki ɗaya, har an fara aiki da shi. Barira ta ruga kasuwa, ko takalmi ba ta gyara ba.

Tankoki na wucewa yadda suka saba, Inna na hura wuta. Can gefe kuwa magina ne, riƙe da taswirarta. Taku ɗaya a wajen jan layin, inda ta tabbatar wuta ba za ta kai ba, suke kafa rumfar karɓar gaisuwa mai kujera ɗari biyar.

Kai mai karatu, je ka tare ƙofar majalisar garinku yau, tun ba a rubuta sunanka a kujera ba.