Ranar da Na Cafe Ƙwallo a Gaban Raga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gwaji Sakkwato ba. Ko na so in manta, abokan wasana ba za su bar ni ba.

Ni ɗan baya ne, lamba biyar, kuma ba yabon kai ba, daga Sabon Birni har Isa babu ɗan gaban da bai san ƙafata ba. A filin yashin da ke bayan makarantar garinmu Gangara na koyi ƙwallo, inda babu alƙalin wasa, babu usur. Doka ɗaya ce kowa ya yarda da ita: da ladan ya ɗaga murya, wanda ƙwallo ta fi kusa da shi sai ya ɗauke ta da hannu, wasa ya tashi, ko da kuwa a bakin raga ake. Shekara da shekaru ina wannan, har ta kai hannuna yana riga kunnena jin kiran salla.

Wani koci ya ga wasanmu da 'yan Isa, ya ce in zo gwaji a ƙungiyarsu ta ƙwararru. Babana ya ce dama ɗaya ya ba ni, in ba a ɗauke ni ba in dawo in kama fartanya, kada ya sake jin zancen ƙwallo a gidansa. Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata, shi ya rako ni (mutumin da bai san bambancin kwana da fenariti ba, amma ya rantse duk Najeriya babu kamata).

A wasan ƙarshe na gwajin, wallahi na yi abin kirki. Wani dogon ɗan gaba da aka haɗa ni da shi, ta sama na tare shi, ta ƙasa na tare shi, har ya fara zagin takalminsa. Muna da ci ɗaya, saura 'yan mintoci, na hango koci yana nuna ni yana rubutu. A raina na riga na gama zaɓen lambar rigata.

Sai suka samu kwana. Ƙwallo ta taso tana lilo, ta nufo goshina daidai. A wannan lokacin ne ladanin masallacin bayan filin ya buɗe lasifika ya fara kiran la'asar.

Na sa hannu biyu na cafe ta. Cafewa mai kyau kuwa. Na maƙale ta a hammata, na juya na nufi ƙofar fita, har ina yafito sauran (wannan yafitowar ce ta fi ci mini rai har yau). Taku uku na yi kafin na lura ni kaɗai nake tafiya. Sai usur.

Golanmu ya dafe kai ya ce, "Kai malam, aikina ka zo ƙwacewa?"

Daga cikin 'yan kallo kuma Kawu ya miƙe shi kaɗai yana tafi: "Madalla da ɗanmu! Haka aka yi! An kira salla, mi kuka jira?"

Aka ba su fenariti, suka ci. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na so ƙasa ta tsage in shige. Fartanyar babana kawai nake gani.

Bayan mun idar da salla koci ya kira ni gefe. "Yaro, mi yak kai ka?" Na gaya masa yadda muke yi a Gangara. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Mu ma muna salla, amma nan mai usur ka tsaida wasa. Yau ba wanda yaw wuce ka, don haka za ni ɗaukar ka. Hannun ga kau, ni na san maganinai."

Maganin shi ne wata guda cur ina atisaye da goruba ɗaya a kowane hannu. Sunana na yanka kuma ya ɓace, kowa Ladan yake kirana, har masu sayar da rake a bakin fili.

Kaka uku ke nan ina buga wa ƙungiyar, ƙwallo ba ta sake taɓa hannuna ba. Na koyi cewa dokar garinku a tashar motar garinku ake barin ta, in ka je wani wuri ka fara tambayar wa ke tsayar da wasa. Kawu dai har gobe yana gaya wa mutanen Gangara cewa saboda wannan cafewar aka ɗauke ni, kuma tun da babana ya yarda, ban ga dalilin ƙaryata shi ba.