Yadda Ake Kabu-kabu da Jirgin Sama Ranar Hutu

Kai matuƙin jirgin sama, ɗan Gwarzo ko Kabo, da kamfani ya ce ka je gida ka huta, ina yi maka jaje. A garinmu namiji mai lafiya ba ya kwanciya da rana. Ni Mato, ɗan kamasho a tashar Gwarzo, ban taɓa taka jirgi ba, amma na ga direbobin ofis iri-iri suna lodin fasinja da motar aiki ranar Asabar, don haka ba wanda zai koya mini kabu-kabu. Ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin sunanka zai zaga gari. Abdulnasir, ɗan ƙanwata Sabuwa ta Unguwar Tudu, ya bi su tsaf, kuma yau ba majalisar da ba a ambatonsa.

1. Ka raina barci

Kamfani zai ce maka hutun nan cikin aikin yake, wai sai idonka ya washe kafin ka kwashi rayukan mutane ka hau sama da su ranar Litinin. Zai kuma ce duk wanda ya tuƙa jirgin wani ba da izini ba, a bakin aikinsa. Ka ce to. Waɗanda suka tsara dokar ba su taɓa zama a Unguwar Tudu ba, inda in aka ga takalminka a ƙofar ɗaki har azahar sai a fara tambaya ko a kira mai magani.

2. Ka fito gaisuwa

Sa farar shadda ka nufi majalisar dattawa. Can za ka tarar da Baba Haladu, wanda yake ganin shi ya raini kowa.

"Kyaftin, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya gajimare?"

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Ya aikin? Ya mutanen Legas?"

"Da godiya, Baba."

"Madalla. Ashe kana gari jan-baki ke cinye mana dawa?"

Jan-baki dai tsuntsayen nan ne da ke sauka gona kamar hadari, su tashi su bar maka kara. Ba kai ka kawo su ba, amma tunda kai da su duk a sama kuke harka, laifin naka ne. Sunkuyar da kai ka karɓa.

3. Ka samu Alhajinka

Kowane kabu-kabu yana da mai mota. Na Abdulnasir shi ne Alhaji Nata'ala, ɗan kwangila, wanda ya yi hayar ɗan ƙaramin jirgin feshi don gonakin ƙauyen Gammo amma ya rasa mai ja.

"Alhaji, doka ta hana ni," in ji Abdulnasir.

"Wace doka? Sama ce fa, ɗana, ba shingen 'yan sanda. Wa zai tare ka? Ko kuwa ka fi ƙarfin taimakon 'yan'uwanka ne?"

Da zarar ka ji an ambaci 'yan'uwa, magana ta ƙare. Karɓi makulli.

4. Kada ka saurari mahaifiyarka

Wannan matakin ya fi wuya. Sabuwa ta same ni a zaure, ranta a ɓace.

"Yaya Mato, direbanku in barci ya kama shi a hanya, yaya yake yi?"

"Ya faka a gefen titi, ya kwanta ƙarƙashin darbejiya."

"To shi ɗan nan a ina zai faka?"

Na ce ta kawo mini ruwa. Harkar sufuri ba a bayyana wa kowa ita.

5. Ka wuni a sama

Feshin jan-baki da sassafe ake yi, a sake da yamma in sun koma makwanci. Tsakanin nan kada ka kuskura ka kishingiɗa. Akwai gaisuwar dagaci, akwai hoto da samari, akwai ɗaurin auren da aka sa sunanka cikin masu gayyata ba ka sani ba. Yi haka Asabar, maimaita Lahadi, sannan ka kama hanyar Kano. In ido ya fara rufewa, shayi mai kauri da goro suna nan. Da su direbobin tirela ke kaiwa Fatakwal, kuma yawancinsu suna isa.

6. Ka gaida fasinja da bakinka

Litinin da safe Abdulnasir ya zauna a kujerarsa, jirgi ya cika maƙil. Ya ɗauki abin magana ya yi sallama, ya faɗi sunansa, sai hamma ta ƙwace masa a tsakiyar jimla, kowa ya ji.

A layin gaba wani mai babbar riga ya miƙe zumbur. Alhaji Nata'ala ne, za shi Legas.

"Ku sauke ni. Wallahi yaron nan bai runtsa ba. Jiya har magariba yana shawagi a kan Gammo, ni na sa shi."

"Alhaji, zauna ka ɗaura bel," in ji ma'aikaciyar jirgin.

"'Yata, ina da iyali."

Jirgi bai tashi ba sai da aka kawo wani matuƙin. An ce Alhaji ya sha barcinsa har Legas.

7. Ka huta

Yanzu Abdulnasir yana gida, ba Litinin ba Asabar, kamfani ya ba shi hutun da ba ranar dawowa. Jan-baki sun koma Gammo. Baba Haladu ya ce dama ya sha faɗa, kwaɗayi ne ke kashe yaran zamani. Alhaji kuwa ya daina ɗaga wayarsa, ya ce ba zai damƙa jirgi a hannun wanda ba ya girmama doka ba.

Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Da, ko wane jirgi ya wuce sai Sabuwa ta bar tukunya ta fito tsakar gida ta ɗaga kai, tana cewa ƙila ɗanta ne. Yanzu in ta ji ƙarar sai ta shige ɗaki ta saki labule.

Sanarwa

Duk abin da ya same ka bayan ka bi matakan nan, ba hannuna ba ƙafata. Ni ɗan kamasho ne: in cika mota, in bugi bayanta ta tafi, ban taɓa bin ta ba. In kuma ka biyo tasha neman motar da za ka ja, kada ka ce ni na turo ka. Ko a nan ba ma ba wa mai gyangyaɗi makulli.