Kwalaben da Sanyi Ya Kashe

"Lafiya lau na kwana, in ban da baƙin cikin takalmi. Bawana, ɗago kai ka ga aikin hannunka."

Guntuwa ce tsaye a ƙofar ɗakin ajiyar magani, ta ɗaga ƙafa ɗaya sama. Ita ce ungozomar wannan ɗan asibiti. 'Yar kawun Dogo ce, shi kuma ɗan gwaggonta, abokan wasa tun suna rarrafe. Tare suka ba da suna a aikin sa kai, tare aka jefo su wannan ƙasa mai nisa wata takwas da suka wuce, inda in ka cire su biyu babu mai jin ko "zo in kashe ka" da Hausa. Rigakafin yara a hannun Dogo yake. Jiya ya sha tafiyar awa biyar a kan babur ya ɗauko maganin daga babban asibitin gari, ita kuwa ta haɗa shi da sautun takalmin roba.

"Lamba talatin da bakwai na ce, ka kwaso mini kwalekwale. Na zura ƙafa tun asuba, har yanzu yatsuna ba su iso gaba ba."

"Don ki girma a ciki na sayo," in ji Dogo, bai juyo ba. "Kawu ya gaji da jira. Shekara talatin ana ɗura miki abinci, ko taki ɗaya ba ki ƙara ba."

"Kai tsawon me ya tsinana maka? Ranar rabon hankali a ƙasa aka ajiye shi, kafin ka sunkuyo an wawashe."

"Ke da kike kusa da ƙasan me kika samo? Baki kawai."

Amsar ta fito daidai, amma ba rai a cikinta. Dogo fa mutum ne da in ya yi dariya har majiyyata sai sun leƙo, yau ga shi zaune a kan kujerar ƙarfe ya tasa kwalabe biyu 'yan mitsi-mitsi a gaba, ya zuba musu ido. Daga baranda ana jiyo kukan jarirai da hirar mata. Su arba'in da uku ne, wasu tun duhun asuba suka kamo hanya a ƙafa.

"To malam, tashi ka fito da kayanka, mata sun cika benci. Ko sai na goya ka?"

"Zo ki gani."

Ya ɗauki kwalaben ya girgiza su tare, ya ajiye a bakin taga inda haske yake. Ɗaya ragowar watan jiya ce, ta tsaya fara kamar madara. Ɗayar, ta jiya, ko minti biyu ba ta yi ba ta rabu gida biyu, gari-gari ya kwanta a ƙasa, ruwa garau a sama. Duk mai aikin rigakafi ya san wannan. Maganin ya daskare a hanya, in kuwa ya daskare ya mutu, ko ya narke ba ya dawowa.

Guntuwa ta sauke ƙafarta. "Guda nawa ka gwada?"

"Kowane kwali na ciro ɗaya. Duka ne."

"Innalillahi. Garin yaya?"

"Rana nake tsoro." Ya nuna akwatin sanyin da ya ɗauko maganin a ciki. "Ƙa'ida ita ce a fito da robobin ƙanƙara a ajiye su sai sun fara gumi, ka girgiza ka ji ruwa na motsi, sannan a jera a akwatin. Ni kuwa na dubi ranar nan, na tuna awa biyar, na ce bari in kyautata. Na zuba su da taurinsu, har na ƙara biyu."

Guntuwa ta dubi kwalbar jiya, ta dube shi.

"Wato," ta ce a hankali, "a ƙasar da ƙwai ke dahuwa a aljihu, kai ne mutum na farko da ya kashe abu da sanyi. Kai, sannu! Wannan sai a kai ka gidan tarihi."

"Ki bari, don Allah."

"In bari? Ai yanzu na fara. Har jikokinka sai na ba su labari."

Dogo ya kifa kai a tebur. Daminar bara tarin shiƙa ya ɗauke jarirai bakwai a ƙauyukan nan, duk da haka mutane ba su yarda da allurar baƙi ba. Wata biyar Guntuwa na bin gida-gida, ana sakar mata karnuka, ana rufe mata ƙofa, kafin matan nan su yarda su zo yau. Wani maganin ba zai iso ba sai bayan mako shida, lokacin kuwa ruwa ya cinye hanya.

Ya ɗago da jajayen idanu. "In na yi musu allurar haka nan, wa zai sani? Ruwa ne kawai yanzu. Su ga an yi, su tafi da daɗin rai. In sabo ya zo mu ce zagaye na biyu ne."

"Kai ɗin? Kai za ka yi ƙarya? Ranar da ka shanye madarar gwaggo ka ce mage ce, ga ta tana ɗiga a haɓarka."

"Shekarata shida lokacin."

"Kuma tun ranar ba ka ƙaru da komai ba sai ƙafa. To na ji, ka yi musu. Ka buga hatimi a kati. In tari ya zo, sai uwa ta ɗauko katin ta nuna masa, ta ce ga sa hannun Dogo nan, wuce gida na gaba. Shi kuma tarin ya ce afuwan, ya juya."

"In na faɗa musu gaskiya ba za su dawo ba!"

"Wataƙila."

"Wahalarki ta wata biyar ta tashi a banza."

"Ta riga ta tashi tun jiya, a bayan babur ɗinka." Ta ja kwali ta zauna, sai ga hawaye shar a fuskarta, ta sa gefen mayafi ta goge da ƙarfi kamar mai jin haushinsu. "Kada ka ɗauka don kai nake kuka. Takalmin nan ne ke cin raina."

"Za a kai rahotona, a kore ni gida. Inna tana can tana gaya wa kowa ɗanta likita ne a ƙasar waje."

"Gwaggo ta san abin da ta haifa, rufin asiri take yi. Ni dai abin da na sani, uwar da ta san ba a yi wa ɗanta ba, in ya fara tari za ta rugo da shi nan. Wadda ka buga wa hatimi kuwa za ta zauna a gida tana jiran ya wuce."

Dogo ya dubi kwalbar. Sannan ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji, ya share hanci da bayan hannu.

"Kin ci, uwar ɗakina. Bawa ya bi." Ya miƙe, kansa ya kusa taɓa silin. "Sai dai ki taimake ni da abu ɗaya. A yarensu na iya 'zauna', na iya 'riƙe shi', na iya 'an gama'. Yaya ake cewa 'ku yafe mini'?"

"Ina zan sani? Ni ban taɓa yin laifi ba."

"Guntuwa."

"Wallahi ban sani ba." Ta tashi ta ɗauko kwalaben daga bakin taga, ta miƙa masa ɗaya. "Mu je. Kai ka riƙe matacciyar, ni in riƙe mai ran, mu girgiza a gabansu. Ido ba ya bukatar tafinta. In sun tashi jifa ka tsaya a gaba, ko ba komai yau tsawonka ya yi rana."

Suka fito baranda, tana jan kwalekwalenta. Hira ta tsaya cak. Matar da ke farkon benci ta ga farar riga da kwalba a hannun Dogo, sai ta yi masa murmushi, ta kwanto goyonta, ta gyara shi a cinya, ta yaye masa zane, ta miƙo 'yar ƙafarsa.