Yatsan Injiniya Lawali

Wani mutum ne a Gusau ana ce masa Injiniya Lawali. Sunan nan ba makaranta ce ta ba shi ba, shi ya raɗa wa kansa. Wata huɗu ya yi a Abuja yana riƙe wa masu haɗa intanet tsani, su suna sama suna aiki, shi yana ƙasa yana kallon tafin ƙafarsu. Amma da ya dawo gida, in ya zauna a majalisa ya fara zuba, sai ka rantse shi ya ja wa Abuja waya tun daga bakin gari har ƙuryarta. Yanzu shi da kansa yake ba da labarin nan, yana yi yana dafe kai, yana cewa duk abin da ya same shi bakinsa ne ya jawo masa.

Yana da wata yaya, Kulu, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mata tara ke yi mata aiki a bayan gida, masu suya da masu matsa, ga kuma wani ɗan sito inda ake jera jarkokin mai. Wata rana ta kira shi ta ce, “Lawali, so nake a sa mini kayan nan a waya, mutanen nesa su gani su saya. Shi ke nan abin da nake so.”

Ya yi wata dariya ta manya. “Yaya, wannan ai wasan yara ne. Kamfani ba ya tsayuwa sai da tsari.”

Ya jawo bayan kwali ya hau zane. Nan sola. Nan kyamara. Can akwatin intanet. A ƙofar sito kuma wata na'ura wadda ba ta buɗewa sai ta ga yatsan da ta sani.

“Kwaɗon nawa fa?” in ji Kulu.

“Kwaɗo? A wannan zamanin? Yaya, rufa mana asiri, kar a ji a Abuja.”

Bai bar ta ta huta ba sai da ta sayar da tumakinta biyu aka sayo kaya. Gaskiyar magana, Lawali bai taɓa ɗaura irin wannan makulli ba, ko ganinsa kusa bai taɓa yi ba. Bidiyo ya buɗe a waya, yana kallo yana ɗaurawa, yana gumi yana zagin mai bayanin don ya cika sauri. Da ya gama, sai ga kusoshi uku da wani ɗan ƙarfe sun yi saura. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya jefa su aljihu. Ya ce wa ransa gyara ce kamfani ya sako.

Aka zo rajistar yatsu. Mata suka yi layi suna ƙunshe dariya. To, yatsan da ya shekara goma yana murza tunkuza ina zai sami zane? Ga maiƙo, ga lalle. Duk wadda ta ɗora, sai na'ura ta yi ƙiii, ta kawo jar wuta. Kulu ma ta ɗora, ja. Lawali ya ɗora babban yatsansa, tit, kore.

Wani zai damu. Shi kuwa daɗi ya kama shi har kunne. “Ba komai,” in ji shi, “ni ne makullin.”

Daga ranar, kullum da hantsi sai ya sha wanka, ya zo yana taku ɗai-ɗai, ya naɗe hannun riga, ya danna, tit, ya tura ƙofa kamar mai buɗe sabon asibiti. Maganar sa kaya a waya kuwa, wadda don ita aka kira shi, ko ta kanta bai bi ba. Wata maƙwabciya ce ta ɗauki hoton jarkokin ta tura wa 'yan'uwanta, hoto ya yi ta yawo har ya faɗa hannun wani Alhaji Sidi mai kantuna a Kaduna. Ya bugo ya ce jarka arba'in yake so, kuma da kansa zai zo ya ɗauka. Tunda Kulu ta fara sana'a ba ta taɓa samun ciniki irin wannan ba.

Ranar da zai zo, Lawali ya ratsa ta wurin masu suya. Ƙamshi ya dake shi. Ya ga an kwashe ƙuliƙuli yanzun nan, mai na tsiyaya, masu suyar sun juya baya. Wuf, ya kai hannu. Cau! Babban yatsan nan dai. Ya haɗiye ihun tare da ƙuliƙulin, hawaye na zuba. Kafin azahar yatsa ya tashi bororo kamar an hura.

Sai ga mota. Alhaji Sidi ya fito, dattijo mai tabarau, ya ce sauri yake yi, yana so ya kama hanya kafin la'asar. Kulu ta ce, “Bismillah Alhaji. Wannan ƙanena ne, shi ya haɗa mana komai.”

Lawali ya gyara tsayuwa, ya ɗora yatsa. Ƙiii. Ja. Wata muryar mace ta yi magana da Turanci daga cikin na'urar.

“Me ta ce?” in ji Kulu.

“Cewa ta yi sannu da zuwa,” in ji Lawali.

Alhaji Sidi ya sauke tabarau. “A'a. Cewa ta yi ba ta san ka ba.”

Ya goge yatsa a riga ya sake. Ja. Ya hura masa iska, ya lallaɓa shi, ya ɗora a hankali kamar mai taɓa jariri. Ja. A karo na biyar na'ura ta ɓarke da jiniya, wiii, wiii, har kajin maƙwabta suka watse. Mutane suka fara leƙowa ta katanga.

Wata tsohuwa cikin masu matsa, Inno, ta matso. “Injiniya, ai ƙofar nan...”

“Inno, don Allah. Wannan ba maganar tunkuza ba ce.”

Ta koma gefe ta riƙe haɓa. Alhaji Sidi ya dubi agogo. Kulu ta dubi ƙanenta da wani irin kallo, wanda rabonsa da shi tun yana ɗan shekara bakwai. Ta ce a kira kafinta a ɓalle ƙofar.

“Kar a taɓa,” in ji Lawali. “Irin wannan ta ciki ake saita ta.”

Sito na da wata 'yar taga a gefe, ta shan iska. Ya tuɓe riga, ya taka turmi, ya zura kai. Kafaɗu suka wuce da ƙyar. Da aka zo kan tumbi, cak. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Rabinsa na ciki yana shaƙar man gyaɗa a duhu, rabinsa na waje yana harbin iska, wando na neman zamewa, rabin unguwa na kallo.

Yana cikin nishi sai ya ga haske ya cika siton. Ƙofa ce ta buɗe. Inno ta shigo a natse, ta tsaya daidai fuskarsa.

“Ya aka yi kika shigo?” ya tambaya da ragowar numfashinsa.

“Turawa na yi. Ai tun ranar da ka ɗaura ta ba ta taɓa kulluwa ba. Kullum in ka tafi haka muke shiga mu fita, har akuya ta shiga sau biyu. Mun ga kana jin daɗin danna yatsan ne, shi ya sa muka ƙyale ka.”

Kulu ta sa aka fara lodi. Jarka arba'in, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta wuce ta ƙarƙashin hancin Injiniya. Alhaji Sidi ya leƙo ya yi masa sannu da aiki, ya shiga mota ya tafi. Sai a sannan Inno ta ce, “Uwar ɗaki, mutumin nan fa ba zai fito ba sai an shafa masa mai.”

Kulu ta dubi ƙafafun da ke reto a bango, ta ce, “A ɗebo na gindin tukunya. Kar a ɓata mini mai kyau.”