Dutsen da Zai Leƙa Cikin Kaka

"...lafiya lau, angona. Ina gajiyar zaman banza?"

Haka kakata Zainabu ta amsa mini, tana tsinkar zogale a ƙofar ɗakinta a unguwar Gamkalley, a Yamai. Sati uku tana fama da ciwon ciki. Sau biyu lokotoro ya sa mata ranar ɗaukar hoton ciki, wanda muke kira eko, sau biyu ta ƙi zuwa. Yau ta uku, ƙarfe goma, kuma saura minti arba'in. Na kafe moto na durƙusa.

"Amarya mai haƙori huɗu, tashi mu tafi likita."

"Biyar ne, makaho. Kuma ba inda za ni. Madina maƙwabciyata ta ce abin nan dafa hanji yake."

"Madina kopto take dafawa, kwaɗon zogale, ina ta san wannan? Dutse ne ɗan mitsitsi a bakin na'urar, irin wanda nake karatu a kansa a jami'a."

"Shekara biyar kana karatun dutse? Da ka zo na ba ka na niƙa, ka gama a wuni ɗaya."

"Naki kurma ne. Nawa rawa yake."

Ta ajiye tiren. "Rawa? Wa ke yi masa kiɗa?"

"Ba kowa. Cikinsa ƙwayoyi ne jere sahu-sahu, kamar salatin lambunki, kowace tana ɓari a gurbinta dare da rana. In zafi ya kai wani mizani, jerin ya sauya fasali, dutsen kuwa bai narke ba."

"Duka a tare, kamar sojoji?"

"Wasu duwatsun haka. Wannan kuwa ɗan taurin kai ne. Ƙungiya-ƙungiya suke, kowace ta fuskanci inda ta ga dama, su sauya a hankali. Kamar ku tsofaffi a gidan suna."

"Ungo nan! To da wannan rashin tarbiyyar zai ga cikina?"

"Ai shi ne amfaninsa. Da an sa masa lantarki kaɗan sai su karkata wuri guda, ya kumbura ya motse, sau miliyan uku kafin ki ƙifta ido. Sauti ya shiga cikinki, ya dawo, ya zama hoto."

"Ƙaryarka ta sha ƙarya. In sauti ne ai zan ji."

"Ke da sai na yi sallama sau uku?"

Ta jefe ni da reshen zogale, amma ta gyara zama. "Tsaya. Ka ce zafi na sauya shi. Zafin Yamai fa? Kada ya birkice a kaina."

Wallahi tambayar ta burge ni. "Sai ya doshi zafin tafasar ruwa. Namu digiri arba'in da biyar ne, da saura."

"Kuma ba ya ƙuna?"

"Sanyi ma za ki ji, na man da ake shafawa."

"Za su bari in taɓa shi?"

"Yana rufe cikin roba. Amma hanjinki za ki gani a allo, ƙuru-ƙuru."

"Nawa? Na kaina?" Ta shafa cikinta. "Shekara saba'in ina ciyar da shi, ban taɓa ganin fuskarsa ba."

"Gani ya kori ji. Saura minti ashirin da biyu."

Ta fashe da dariya har ta dafe gefen da ke mata ciwo, ta miƙo mini hannu.

"Ɗaga ni, mijin dutse. Ɗauko mayafina, kuma ka tuƙa a hankali, kada ka zubar da kayan kafin a gani."